Me Ya Sa Kaɗanya Ba Ta Zuwa Agadas? Darasi Kan Gangaren Muhalli

Duk direban babbar mota da ya saba ɗauko goro daga Shagamu zuwa Kano, ko ya zarce da kaya har Damagaram, zai iya gaya maka inda yake ko da an tuge dukan allunan da ke bakin hanya, muddin dai an bar shi ya dubi itatuwa. Kwakwar manja da loko suna gaya masa har yanzu yana Kudu. Idan ya fara ganin maje da kawo ya san ya doshi Neja. Doka ta yawaita, ya shigo ƙasar Zazzau. Kuka da gawo da tsamiya sun mamaye gonaki, Kano ta kusa. In kuwa ya kai inda ba ya ganin komai sai kandili da dashi, ga karangiya tana kama masa wando idan ya sauka, to ya baro Nijeriya a bayansa. Abin da wannan direba ya sani ta hanyar sabo, shi ne masana ilimin halittu suka shafe fiye da shekara 200 suna ƙoƙarin aunawa da gano dalilinsa, kuma shi ne darasinmu a wannan fitowa.

Kalmomi uku da za mu yi aiki da su

Nau'i shi ne iri guda na halitta, kamar kuka ko aduwa ko hankaka. Jama'ar halittu kuwa ita ce dukan nau'o'in da ke zaune wuri ɗaya a lokaci ɗaya, suna cin gajiyar juna ko suna cin juna. Idan muka yi maganar haɗin nau'o'i, muna nufin amsar tambayoyi biyu: su wane ne ke wannan wuri, kuma kowanne nawa ne? Gonaki biyu suna iya samun itatuwa iri goma-goma, amma haɗinsu ya sha bamban, domin goman wannan ba su ne goman waccan ba.

Kalma ta uku ita ce gangaren muhalli. Na zaɓi kalmar gangare ne domin ta fi kusa da ma'anar da ake nufi, watau wani abu na muhalli da ke raguwa ko ƙaruwa sannu a hankali daga wannan wuri zuwa wancan, ba tare da tsalle ba. Yana iya zama ruwan sama, ko zafi, ko danshin ƙasa, ko gishiri, ko haske, ko ma yawan kiwo daga bakin rijiya zuwa cikin daji. Mai karatu ya lura cewa ba dole ne a sami tudu da kwari na zahiri ba. Ƙasa tana iya zama shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, amma gangaren ruwan sama yana nan a kanta.

Babban gangare: daga teku zuwa hamada

Afirka ta Yamma tana cikin wuraren da suka fi dacewa da wannan nazari a duniya, saboda yadda ruwan samanta yake raguwa a jere daga kudu zuwa arewa. Iska iri biyu ce ke takara a kanmu. Akwai mai danshi da ke tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, akwai kuma busasshiya ta hunturu da ke fitowa daga Sahara ta arewa maso gabas. Magamar waɗannan iskoki tana hawa arewa daga wajen watan Maris, ta kai ƙarshen tafiyarta a Agusta, sa'an nan ta juya. Garin da ke kudu shi ne iskar damina ke fara isa, shi ne kuma take bari a ƙarshe. Saboda haka Kalaba takan sami ruwa kimanin milimita 3,000 a shekara, Zariya kimanin 1,000, Damagaram kimanin 400, Agadas ƙasa da 200, Bilma kuwa ba ta cika kai 20 ba.

A nan akwai abin da ɗalibai kan manta a jarrabawa. Itace bai damu da jimillar ruwan shekara kawai ba, ya fi damuwa da tsawon watannin da zai yi bai ga ɗigo ba. Rani na wata uku da rani na wata takwas jarrabawa ce iri biyu. Wanda zai ci ta biyu sai ya kasance da wata dabara: ko ya ajiye ruwa a jikinsa kamar kuka, ko ya ƙanƙanta ganyensa ya mai da wasu sassansa ƙaya kamar bagaruwa da kandili, ko ya zubar da ganye ya yi likimo kamar dashi, ko kuma ya mutu gaba ɗaya ya bar iri a ƙasa kamar karangiya.

Tun shekarar 1949 wani masanin gandun daji Bature mai suna Keay ya kasa tsirran Nijeriya gida-gida, kuma taswirar da ke cikin yawancin littattafan makarantunmu daga aikinsa ta samo asali. A bakin teku akwai dajin mangurof, itatuwan da ke tsaye cikin ruwan gishiri bisa saiwoyi kamar ƙafafu. Daga nan sai fadamun ruwan daɗi masu tukurwa, sai kurmi mai duhu, sai dajin da asalinsa kurmi ne amma sara da wuta suka mai da shi fili. Sa'an nan dajin Gini na kudu mai maje da kawo da namijin kaɗe, dajin Gini na arewa inda doka ke sarauta, dajin Sudan mai marke da kalgo da sabara da geza, daga ƙarshe Sahel mai ɗakwara da kandili da anza.

Wannan taswira tana da amfani, amma a ganina ta cusa wa ɗalibai wani kuskure. An zana kowane yanki da launinsa, an ja layi tsakaninsu, har yaro ya ɗauka akwai wata gada a hanyar Zariya zuwa Kano wadda idan ka haye ta doka za ta ƙare nan take, kuka ta fara. Babu irin wannan gada. Ɗorawa tana farawa tun daga gefen kurmi ta bi ka har ƙasar Kano da Katsina. Kaɗanya ta fi son inda ruwa yake tsakanin milimita 600 da 1,400, saboda haka ta ratsa yankuna uku na taswirar ba ta nemi izinin kowa ba. Aduwa tana nan jefi-jefi a dajin Sudan, ta ƙaru a Sahel, ta kutsa har kwazazzaban Abzin. Kowane nau'i da inda yake farawa, da inda ya fi yawa, da inda yake ƙarewa, kuma da wuya ka sami biyu da iyakokinsu suka zo daidai.

Dabbobi ma haka suke, sai dai su suna tafiya, don haka iyakarsu ta fi wuyar shatawa. Ƙudan tsando yana bukatar inuwa da danshi, shi ya sa yake yawaita a kurmi da dazuzzukan tsakiya, ya ɓace a arewa mai nisa. Wannan ƙuda shi ya daɗe yana tsare manyan shanun Fulani da dawaki da raƙuma daga zama a kudu, ya bar wa gajerun shanu irin muturu, masu jure sammore, wancan yanki. Manomi kuwa ya bi gangaren da kansa: doya a kudu da tsakiya, dawa a tsakiya zuwa arewa, gero inda damina ta fi gajarta.

Ƙaramin gangare: daga tudu zuwa fadama

Ba sai an yi tafiyar kilomita 1,000 za a ga wannan al'amari ba. A bayan kusan kowane gari na ƙasar Hausa akwai gangaren da za a iya ƙare shi da ƙafa kafin shayi ya huce. Ruwan sama ɗaya ne ke sauka a kan tudu da fadamar da ke ƙarƙashinsa, amma ba ɗaya suke riƙewa ba. A kan tudu mai marmara ƙasa ba ta da zurfi, ruwa yana gudu ya bar ta, sai geza da 'yan ciyayi marasa tsawon rai. A jigawa ruwa yana nutsewa cikin rairayi, sai ka ga sabara da kalgo da gawo a gonakin gero. Kana gangarowa ƙasa tana ƙara laushi da duhu, kanya da ɗinya su bayyana. A bakin fadama, inda ruwa kan kwanta na 'yan watanni a kan laka, giyayya da bagaruwa da jema ne ke iya zama, domin saiwar yawancin itatuwa tana shaƙewa idan ta daɗe cikin ruwa. A cikin tabkin kansa sai burugu, sai bado mai saiwa a taɓo da ganye a sama, sai kainuwa wadda ba ta taɓa ƙasa ko kaɗan, abin da ya sa Bahaushe ya ce da ita dashen Allah.

Wani masanin ƙasa mai suna Milne, da ya yi aiki a Tanganyika, shi ne a 1935 ya raɗa wa irin wannan jerin ƙasa suna katina, daga kalmar Latin mai nufin sarƙa, domin kowace gaɓa tana haɗe da ta sama da ita: abin da ruwa ya kwaso daga tudu shi ne ya zama lakar fadama.

Ƙaramin gangare yakan yi wa babba gardama. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa yana ba itace damar zama inda ruwan sama kaɗai ba zai riƙe shi ba. Shi ya sa ake samun dazuzzukan giginya a Dallol Mawuri kusa da Gaya, da goruba a kwarin Gulbin Kaba da kewayen Nguru da Gashuwa. Shi ya sa kuma a dajin Gini za ka tarar da siririn kurmi yana bin rafi, da itatuwa da tsuntsayen da gidansu na ainihi ke can kudu. Gawo ya fi kowa wayo a nan. Saiwarsa tana nutsawa har ta cim ma ruwan ƙasa, don haka yakan fitar da ganye da rani lokacin da kowa ya bushe, ya zubar da damina, ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa.

Gangaren tsauni

Idan mutum yana hawa tsauni, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salsiyas a kowace mita 1,000. Bajamushen nan Alexander von Humboldt, wanda ya hau tsaunin Cimborazo na ƙasar Ikwado a watan Yuni na 1802 tare da abokinsa Bafaranshe Bonpland, ya zana yadda tsirrai ke jeruwa hawa-hawa a jikin tsauni, ya buga zanen a 1807. A wajenmu, sanyin tudu ne ya sa dankalin Turawa ke yin kyau a Jos, ganyen shayi kuma a Mambila, kusa da Cappal Waddi mai tsawon mita 2,419, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wani zaitun na daji da ke tsirowa a ƙwanƙolin duwatsun Abzin da Hoggar da Jabal Marra na Darfur, hamada ta kewaye shi ta ko'ina. Saura ne na zamanin da Sahara ke da danshi. Da ƙasa ta bushe, sai ya rage a saman duwatsu kawai, inda sanyi da ɗan ruwa suka ishe shi.

Gardamar masana: jiki guda ne ko taron kasuwa?

A farkon ƙarni na 20 masana biyu na Amurka suka yi saɓani kan ma'anar abin da muka bayyana. Frederic Clements, a littafinsa na 1916, ya ɗauki jama'ar tsirrai tamkar jiki guda mai gaɓoɓi, wanda ake haifa, ya girma, ya kai munzali. In haka ne, nau'o'in da ke jama'a ɗaya dole su fara tare su ƙare tare, kuma tsakanin jama'a da jama'a a sami iyaka bayyananniya. Henry Gleason kuwa a 1926 ya ce sam. A ganinsa kowane nau'i yana bin bukatarsa ne da kuma inda irinsa ya samu ya faɗa, abin da muke kira jama'a kuwa haɗuwa ce kawai ta waɗanda bukatunsu suka zo ɗaya a wannan wuri, kamar yadda kasuwar ƙauye ke tara mai gishiri da mai tukwane da mai awaki, kowa da abin da ya kawo shi, kowa da inda zai nufa in an watse. Wani Barashe mai suna Ramensky ya faɗi kusan haka a 1924 ba tare da sun san juna ba. Ra'ayin Clements ne ya yi rinjaye shekaru da dama, har Gleason ya bar wannan fage ya koma nazarin rabe-raben tsirrai.

Wanda ya kawo hujjar da ta sauya al'amari shi ne Robert Whittaker. Maimakon ya zaɓi wuraren da suka yi kama da jama'o'in da aka riga aka raɗa wa suna, sai ya bi tsaunukan Great Smoky na Amurka daga ƙasa zuwa sama, daga kwari mai danshi zuwa tudu busasshe, yana ƙirga itatuwa a kowane mataki. Da ya zana yawan kowane nau'i a takarda, sai ya ga kowanne ya ba da siffa kamar ƙwarya a kife: kaɗan a farko, ya yi tozo a tsakiya, ya sake raguwa. Muhimmin abu shi ne ƙoren nan ba su jeru rukuni-rukuni ba. Sun hau kan juna barkatai, tozon kowacce a wurinsa daban. Ya buga wannan sakamako a 1956, kuma ya goyi bayan Gleason ƙwarai. A 1960 Whittaker ya ƙara bambanta yawan nau'o'in da ke wuri guda, wanda ya kira alfa, da yawan musanyar nau'o'i daga wuri zuwa wuri, wanda ya kira beta. Daji biyu suna iya yin daidai a alfa, amma wanda ya haɗa tudu da jigawa da fadama zai fi wanda yake jigawa zalla yawan beta. Wannan yana da amfani ga masu keɓe gandun daji: gara a keɓe fili mai ratsa gangare daga sama har ƙasa da a keɓe babban fili iri ɗaya.

Duk da haka kada a ɗauka Clements bai ga komai ba. Akwai wuraren da iyaka take a fili kamar an ja ta da wuƙa, kuma za mu ga dalili yanzu.

Me ke tsayar da nau'i a iyakarsa?

Amsa ta farko ita ce juriya: kaɗanya ba ta zuwa Agadas domin ƙaramin tsironta ba zai rayu cikin rani na wata tara ko goma ba. Amma wannan rabin amsa ne. Idan ƙishirwa ce ta hana itatuwan kudu zuwa arewa, me ya hana na arewa gangarowa kudu, inda ruwa ya wadata?

Gwajin da ya fi fayyace wannan an yi shi ne a gaɓar teku a Sikotilan, Joseph Connell ya buga shi a 1961. Akwai wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa duwatsun gaɓa, ana kiransu banakil. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, don haka saman dutse ya fi daɗewa a bushe, ƙasansa ya fi daɗewa a ruwa. Nau'i biyu ne a wurin, ƙarami a sama, babba a ƙasa. Connell ya kankare babban daga wasu duwatsu na ƙasa, sai ga ƙaramin ya zauna lafiya a wurin. Ashe ba ruwa yake ƙi ba, babban ne ke danne shi, ya ture shi, ya murƙushe shi. Shi kuwa babban, ko an ba shi fili a sama ba ya rayuwa, domin bushewa tana kashe shi. Darasin shi ne, sau da yawa a ɓangaren gangare mai tsanani muhalli ne ke tsayar da nau'i, a ɓangare mai daɗi kuwa maƙwabta ne. Itacen Sahel mai son rana, wanda ya kashe ƙarfinsa wajen yin ƙaya da doguwar saiwa, ba shi da abin da zai yi takara da shi a inuwar itatuwan kurmi masu saurin tsawo.

Abu na uku shi ne wuta. A gandun dajin Olokemeji da ke kusa da Ibadan an fara wani gwaji a 1929, aka keɓe filaye, wani ana ƙona shi a farkon rani, wani a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, wani kuwa aka hana wuta shiga. Bayan kusan shekara 30, filin da aka tsare ya cika da itatuwan kurmi, wanda ake ƙonawa a ƙarshen rani kuwa ya zauna fili mai ciyawa da itatuwa masu kaurin ɓawo. Ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya, jama'a biyu. Ciyawa tana ciyar da wuta, wuta tana kashe 'ya'yan itatuwan kurmi, ciyawa ta ƙara samun rana. A cikin kurmi kuwa inuwa tana hana ciyawa, wuta ta rasa abin ci. Kowane ɓangare yana ƙarfafa kansa, shi ya sa iyakar kurmi da fili takan zama kaifi ɗaya ko da ruwan sama yana sauyawa ne a hankali. Wani babban nazari da aka buga a 2005, wanda ya tattara bayanai daga wurare 854 a Afirka, ya nuna cewa inda ruwa bai kai kimanin milimita 650 ba, ruwan ne ke ƙayyade iyakar yawan itatuwa. Inda ya wuce haka kuwa itatuwa za su iya rufe sama, sai dai wuta da dabbobi su hana su.

Na huɗu shi ne mutum. Yawan kuka da ɗorawa da kaɗanya da gawo a gonakinmu zaɓin kakanni ne, waɗanda suka sare wasu suka bar masu ba su miya da daddawa da man kaɗe da taki. Wanda ya ƙirga itatuwan karkarar Kano yana karanta tarihin gatari ne tare da na ruwan sama.

Idan gangaren ya gusa

Gangaren muhalli ba a kafe yake ba. Farin da aka yi a Sahel daga 1968 zuwa 1973, da na 1983 zuwa 1984, ya tura layukan ruwan sama kudu na tsawon shekaru. Wani mai bincike, Patrick Gonzalez, ya bi ƙauyukan arewa maso yammacin Senegal yana ƙirga itatuwa, yana kuma tambayar dattawa abin da ke wurin a da. Sakamakon da ya buga a 2001 ya nuna cewa tsakanin wajen 1945 da 1993 nau'o'in itatuwa sun ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku, yankunan tsirrai kuma sun gusa da kilomita 25 zuwa 30, masu son danshi suna ja da baya, masu jure fari suna maye gurbinsu. Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo, hotunan tauraron ɗan'adam kuma sun nuna Sahel ta ƙara kore. Sai dai kore ba shi ne haɗin nau'o'i ba. Filin da a da yake da ɗinya da kanya da taura, yanzu ya cika da sabara da tumfafiya, daga sama kore ne, amma matar da ke neman abin miya da mai maganin gargajiya sun san an yi hasara.

Mutum ma yana gusar da gangare da hannunsa. Dausayin Haɗeja da Nguru ya ginu ne bisa ambaliya da janyewarta kowace shekara. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana kusan duk shekara a wasu rassan kogin, ya daina kai wa wasu. Kacalla, wadda ke son ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan-baki masu cin hatsi.

Wannan ilimi yana da amfani kai tsaye ga dashen itatuwa. Sau da yawa akan raba tsiro iri ɗaya, darbejiya ko turare, daga Ilori har Geidam, a dasa a tudu a dasa a fadama, a ɗauki hoto, bayan rani biyu a nemi rabinsu a rasa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun bi wata hanya tun daga tsakiyar shekarun 1980, wadda suke kira sassaben zamani: maimakon su tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gona, sai su rage shi su bar reshe ɗaya ko biyu ya girma. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta haka ya kai kimanin hekta miliyan 5. Sirrin abin shi ne itacen da ya toho da kansa a wuri ya riga ya ci jarrabawar wannan matakin na gangare.

Aikin da malami zai iya yi da ajinsa

Kayan aiki su ne igiya mai tsawon mita 100, da turaku, da sanduna huɗu masu mita ɗaya-ɗaya da za a haɗa su zama murabba'i, da littafin rubutu. A zaɓi wuri mai gangarowa daga tudu zuwa fadama, a nemi izinin masu gonaki, a miƙe igiyar daga sama zuwa ƙasa. A kowace mita 10 a ajiye murabba'in, a rubuta dukan nau'o'in ciyayi da ke ciki da yawan kowanne. Itatuwa kuwa a ƙirga waɗanda ke cikin mita 5 dama da hagu na igiyar. A kowane mataki a ɗebi ƙasa a jiƙa a murza a hannu, a rubuta ko rairayi ce ko laka. Rashin sanin sunan Latin ba uzuri ba ne. Sunan Hausa ya isa, kuma makiyayi ko tsohon manomi guda zai ba aji sunayen da babu su a littafi. Ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, shi ne lokacin da ya fi, domin ciyayi sun yi kai, ana iya bambanta su.

Da an dawo aji, a zana yawan kowane nau'i bisa tsawon igiyar, a duba ko za a ga ƙoren Whittaker. Sa'an nan a auna kamancin matakai biyu da lissafin da wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sorensen, ya fitar a 1948: a ninka yawan nau'o'in da wuraren biyu suka yi tarayya a kai sau 2, a raba da jimillar nau'o'in wuri na farko da na biyu. Ga misali da lambobin da na ƙaga don koyarwa kawai. Tudu yana da nau'i 12, tsakiya 14, sun yi tarayya a 9: 18 a raba da 26, ya ba da 0.69. Tudu 12, bakin fadama 10, tarayya 4: 8 a raba da 22, ya ba da 0.36. Sifili yana nufin ba su haɗa komai ba, 1 kuwa yana nufin haɗinsu ɗaya ne. Inda lambar ta faɗi da sauri tsakanin matakai biyu maƙwabta, a koma wurin a tona, a duba ko ƙasa ce ta sauya, ko iyakar ambaliya ce, ko kuwa nan ne garma ta tsaya.

Akwai ƙarin aikin da ba ya bukatar igiya. Sunayen unguwanni da ƙauyukanmu da yawa sunayen itatuwa ne: Kawo a Kaduna, Ɗorayi a Kano, Giginya a Sakkwato, Kukawa a Borno. Ɗalibai su tattara irin waɗannan sunaye a ƙaramar hukumarsu, su je su duba ko itacen da ya ba wurin suna yana nan, in yana nan ko akwai 'ya'yansa masu tasowa ko tsofaffi ne kawai suka rage, in babu shi kuma su tambayi dattawa shekarar da aka daina ganinsa da abin da ya tsiro a gurbinsa. A kafa turakun ƙarfe a farko da ƙarshen layin igiyar, a rubuta kwanan wata a kan takardun, a ajiye su a ofishin shugaban makaranta, domin ajin da zai zo bayan shekara 10 ya sake bin wannan layi ya kwatanta.